Masu Karanta Ƙashin Baya

A kowane babban asibiti akwai wani ɗaki da majinyata ba sa shiga. Yawanci a can ƙuryar sashen ɗaukar hoto yake, an rufe tagarsa da labule mai kauri, an rage fitila, sai hasken allunan kwamfuta biyu ko uku. Wanda ke zaune gabansu likita ne cikakke, amma ba ya ɗaura wa kowa abin awon jini, ba ya taɓa goshin kowa. Mara lafiya zai biya kuɗi masu ciwo, a ɗauke shi hoto, ya dawo bayan kwana ɗaya ko biyu ya karɓi ambulan, ya tafi bai san ko fuskar wanda ya rubuta takardar da ke ciki ba. Alhali kuwa wannan takarda ce sau da yawa ke yanke hukuncin ko za a yi masa aiki, ko a ɗora shi kan magani na wata da watanni, ko a ce ya koma gida ya ci gaba da neman abincinsa.

Mutum biyu ne ke riƙe da sana'ar, ko da yake jama'a kan haɗa su su ce "masu hoto". Akwai ma'aikacin da ke kwantar da mutum ya sarrafa na'ura, shi ne radiyogirafa. Akwai kuma likitan hoto, wanda ke karanta abin da na'urar ta fitar. Kowannensu ba ya iya aikin sai da ɗan'uwansa. Idan hoto ya fito a karkace ko da motsi, duk ilimin likita ba zai gyara shi ba. Idan kuma hoto ya fito tas amma ya faɗa hannun wanda idonsa bai nuna ba, an yi asarar kuɗi da lokaci.

Wanda ke son ya ga inda gwanintar mutanen nan take, ya tsaya ya kalli yadda suke yi da wani abu guda da suke cin karo da shi kusan kullum, wato hemanjiyoma ta ƙashin baya.

Ƙashin bayan ɗan Adam gaɓoɓi ne da aka jera bisa juna: bakwai a wuya, goma sha biyu a ƙirji inda haƙarƙari ke maƙale, biyar a ƙugu, sannan waɗanda suka manne da juna a ƙasa. Tsakanin kowace gaɓa da 'yar'uwarta akwai faifan guringuntsi, ta bayansu kuma akwai rami mai tsawo da laka ke bi. Cikin kowace gaɓa ba dunƙule yake ba. Siraran ginshiƙai ne na ƙashi, wasu a tsaye wasu a kwance, ɓargo ya cike tsakaninsu. Hemanjiyoma wuri ne a cikin gaɓar da ƙananan jijiyoyin jini masu siririn bango suka yi cunkoso, jini na tafiya cikinsu a hankali, kitse kuma ya taru a gefensu. Ba ciwon daji ba ce, ba ta kuma rikiɗa ta zama shi. Masana da yawa a yau ma suna ganin ta fi kusa da karkacewar halittar jijiya fiye da ƙari mai girma da kansa.

Bajamushe Rudolf Virchow ya bayyana ta a 1867. Amma wanda ya nuna yawanta shi ne Georg Schmorl, likitan binciken gawa a birnin Dresden, wanda ya ƙare rayuwarsa yana tsaga ƙashin baya yana dubawa. Cikin ƙasusuwan baya sama da 3,000 da aka bincika a wurinsa, an same ta a kusan kashi 11 cikin ɗari. Ke nan, in mutum goma suka yi sahu, akwai alamar ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da ita bai sani ba, kuma haka zai tsufa ya koma ga Mahaliccinsa ba ta taɓa sa shi ko ciwon kwana ɗaya ba. Ta fi yawa a gaɓoɓin ƙirji da na ƙugu, ta ɗan fi yawa ga mata, wani ma zai kasance da biyu ko uku a wurare daban-daban. Wajen ɗaya ne kacal cikin ɗari ke tayar da fitina. Duk wahalar sana'ar a nan take: ka bar casa'in da tara su tafi da kwanciyar hankali, kar kuma ɗayar ta kuɓuce maka, kar kuma wani mugun abu ya shigo cikin rigarta ya wuce.

Yadda take bayyana a hoto ya samo asali daga abin da take yi wa ƙashin. Jijiyoyin suna cinye ginshiƙan da ke kwance da wasu daga cikin na tsaye. Waɗanda suka rage dole su ɗauki nauyin jiki, don haka sai su yi kauri. Duk wanda ya taɓa shan rake ya san sauran bayanin: in ka tsaga shi a tsaye za ka ga zare-zare sun miƙe, in ka yanka shi a kwance sai ka ga ɗigo-ɗigo. Hoton eksire, wanda Wilhelm Röntgen ya gano haskensa ranar 8 ga Nuwamba 1895 a Würzburg, daga gefe yake kallon gaɓar, sai ya nuna layuka a tsaye. Tun 1926 wani likita mai suna Perman ya bayyana wannan alama. Sai dai eksire ba ya ganin ƙanana, sai wadda ta ci kaso mai yawa na gaɓar. Na'urar CT kuwa, wadda Godfrey Hounsfield ya ƙera aka fara gwada ta kan majinyaci a Landan a 1971, yanka-yanka take nuna jiki, don haka fararen ɗigogi take fitarwa a cikin fili mai duhu. Idan likitan hoto ya ga waɗannan ɗigogi a tsare, hankalinsa ya kwanta ƙwarai, domin da wuya wani ciwo ya kwaikwaye su.

Amma a yau galibin hemanjiyoma a MRI ake tsintar su, kuma ba nemansu ake yi ba. Mutum ya zo da ciwon ƙugu ko ciwo mai sauka ƙafa, an tura shi don a duba faifan guringuntsi, sai ga wani farin tabo zagayayye a cikin wata gaɓa.

Aikin MRI daga ƙofa yake farawa, kuma a hannun radiyogirafa yake. Na'urar babban maganaɗisu ce da ba a kashe ta dare da rana. Ko an ɗauke wuta ƙarfinta na nan, domin a manyan na'urori wayoyin da ke ciki suna nutse cikin ruwan iskar hiliyom mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifili. Tana iya fizgo almakashi ko tukunyar iskar numfashi daga hannun mutum. Saboda haka tambayoyin da ake yi a ƙofa ba na cika takarda ba ne. "Baba, an taɓa yi maka aiki aka sa ƙarfe? An taɓa harbinka? Ka taɓa yin walda wani abu ya faɗa maka ido?" "Hajiya, a cire 'yan kunne da fil ɗin ɗankwali, a goge kwalli. Akwai haƙorin Makka? Akwai juna biyu?" Laya da guru ma sai an roƙi mai su ya kwance, domin ba a san abin da aka ɗinke ciki ba. Ƙwararren ma'aikaci ya san yadda zai nemi wannan daga dattijo ba tare da ya ci masa fuska ba. Ya san kuma matar da ba za ta iya sakin jiki ba sai an kawo mata ma'aikaciya mace. Daga nan sai a kwantar da mutum, a toshe masa kunne saboda ƙarar na'urar, a zura shi cikin rami mai ƙunci, a ce kada ya motsa na minti ashirin ko talatin. Mai ciwon baya aka ce ya kwanta ƙyam a kan abu mai tauri. Sai an iya magana, an tallafe masa gwiwa da matashi, ana kiran sunansa ta lasifika ana cewa saura kaɗan. Ina ganin wannan lallashi rabin ingancin hoto ne, kuma ba a cika yaba wa masu yinsa ba.

Na'urar ba ta amfani da haske mai ƙuna irin na eksire da CT. Ƙwayoyin haidurojin da ke cikin ruwa da kitsen jiki take zugawa da igiyar rediyo, ta saurari yadda suke komawa daidai. Paul Lauterbur ya nuna hanyar mayar da wannan ya zama hoto a 1973, Peter Mansfield ya gano yadda za a hanzarta shi, aka ba su kyautar Nobel tare a 2003. Abin da mai karatu ke buƙatar sani shi ne ana ɗaukar wuri guda ta fuskoki dabam-dabam. A ɗaukar da ake kira T1 kitse ke yin fari, ruwa ya yi duhu. A T2 ruwa ke haskawa. Akwai kuma wata ɗauka, STIR, da ke danne hasken kitse da gangan domin ruwa kaɗai ya fito. Hemanjiyoma ta yau da kullum tana da kitse, tana kuma da jini mai tafiyar hawainiya, saboda haka fara ce a T1, fara ce a T2. Ciwon dajin da ya yi tsalle daga wani wuri ya sauka a ƙashi kuwa korar kitsen ɓargo yake yi, don haka yawanci baƙi yake a T1. Likitan hoto zai jera hotunan uku gefe da gefe, ya bi tabon a kowanne, ya koma hoton yanka ya nemi ɗigogin nan, ya duba ko bangon gaɓar lafiya lau yake, ya duba ramin laka. In komai ya dace, cikin minti ɗaya ya gama da ita, ya koma kan abin da ya kawo mutumin.

Kafin ya rubuta komai sai ya ƙirga. Wannan ƙaramin abu ne da ke da babban haɗari. Gaɓoɓin ƙirji kamarsu ɗaya, kuma akwai mutanen da aka halitta da gaɓar ƙugu shida ko huɗu a maimakon biyar. In aka rubuta ta bakwai alhali ta takwas ce, likitan tiyata na iya buɗe wurin da ba shi ba. Shi ya sa radiyogirafan da ya san aikinsa ke fara ɗaukar hoto guda mai tsawo tun daga gaɓa ta biyu a wuya, wadda siffarta ba ta ɓuya, domin a ƙirgo daga can.

Inda ake sanin gwani shi ne wurin waɗanda ba su da kitse. Wata hemanjiyomar jijiya ta fi yawa a cikinta, sai ta fito baƙa a T1, ta haska ƙwarai a T2 da STIR, ta kuma sha ruwan allurar gadoliniyom da ake yi don haska jijiyoyi. Ita ke nan ta yi kama da ciwon daji sak. A nan likita zai jingina da kujera ya ɗauko takardar da aka turo majinyacin da ita. Shekararsa nawa? Mace ce da aka taɓa cire wa nono saboda sankara? Dattijo ne da fitsari ke ba shi wahala, wanda ake zargin sankarar furostet? Yana rama? Yana tari? Sankarar nono, da ta furostet, da ta huhu, da ta ƙoda, da ta ƙullin wuya mai kawo maƙoƙo, su ne suka fi son ƙashin baya. Akwai kuma sankarar ɓargo da ake kira mayeloma, wadda ke huda gaɓoɓi da yawa lokaci guda.

Abin takaici, sau da yawa takardar ba ta ɗauke da komai sai kalma biyu, "ciwon baya", da sa hannun da ba ya karantuwa. Wannan ƙorafi ne da za ka ji a bakin kusan duk mai wannan aiki, kuma suna da gaskiya. Likitan da ya tura mutum hoto bai rubuta tarihinsa ba ya tauye wa majinyacin haƙƙi, domin tabo iri ɗaya fassararsa daban ce a jikin budurwa 'yar shekara ashirin da jikin matar da ta yi jinyar sankara shekara uku da suka wuce. Likitan hoto mai kishin aikinsa ba ya tsayawa ƙorafi. Yakan tashi ya fita baranda ya nemo majinyacin ko ɗan'uwansa ya yi tambayoyin da kansa, ya kuma tambaya ko akwai tsohon hoto a gida. Tabon da yake nan shekara huɗu da suka wuce, da girmansa da siffarsa ba su canja ba, ya riga ya ba da shaida a kan kansa. Don haka masu zubar da tsofaffin hotuna, ko masu barinsu cikin mota rana ta narkar da su, su sani hujja suke zubarwa.

A ƙasashenmu akwai wasu abubuwa biyu da dole su kasance a zuciyar mai karanta ƙashin baya, fiye da yadda suke a zuciyar takwaransa na Turai. Na farko tarin fuka ne idan ya sauka a ƙashi, ciwon da likitan Ingila Percivall Pott ya bayyana a 1779, wanda har gobe shi ke karya bayan yara da manya ya bar su da doro. Shi yakan fara ta gaban gaɓa, ya bi ƙarƙashin jijiyar da ke ɗaure gaɓoɓi ya kama ta kusa, ya tara mugunya a gefen ƙashi. Hemanjiyoma ba ta tsallaka faifan guringuntsi, ba ta kuma tara mugunya. Amma akwai tarin fukan da ke tsayawa a gaɓa guda, shi ne mai ruɗarwa. Na biyu sikila ce. Ɓargon mai sikila aiki yake ba dare ba rana don ƙera jini, kitsensa kaɗan ne, don haka duk gaɓoɓinsa kan yi duhu a T1, ga tabon wuraren da jini ya toshe ƙashi ya mutu, ga tsakiyar gaɓoɓin ya lotsa sama da ƙasa har su ɗauki siffar harafin H. Wanda ya koyi karatun hoto daga littattafan waje kawai, bai zauna gefen malami ya ga ɗaruruwan irin waɗannan ba, zai sha mamaki.

Idan shakka ta ƙi tafiya, akwai matakai. Mafi sauƙi a yi CT na wannan gaɓa kaɗai a nemi ɗigogi. Akwai wata ɗaukar MRI mai gano ko da ɗan kitsen da ido ba ya gani, kuma samun kitse alamar alheri ce. Ana iya cewa a dawo bayan 'yan watanni a sake hoto a kwatanta. Ɗebo nama da allura shi ne na ƙarshe, kuma ba a gaggawa da shi, domin abin da ake shirin sokawa curin jijiyoyin jini ne, ga laka a kusa.

Sai kuma ita ɗayar nan cikin ɗari, mai fitina. A 1986 Jean-Denis Laredo da abokan aikinsa a Paris suka tattara alamun da ke bambanta ta: tana tsakanin gaɓa ta uku da ta tara a ƙirji, ta cinye gaɓar gaba ɗaya, ta miƙa zuwa ƙashin da ke kewaye da laka ta baya, bangon gaɓar ya kumbura ya dushe, ɗigogin sun rasa tsari, sannan wani nama ya ɓullo waje. A 1990 suka ƙara da cewa gwargwadon ƙarancin kitsenta gwargwadon haɗarinta. Dalilin da ya sa tsakiyar ƙirji ya fi ban tsoro shi ne ramin laka ya fi ƙunci a can, abu kaɗan ya shigo sai ya danne ta. Mai ita yakan fara da ciwo a tsakiyar baya, daga baya ƙafafu su yi nauyi, su riƙa mutuwa, tafiya ta gagara, a ƙarshe riƙe fitsari ya zama aiki.

Mata masu juna biyu suna da nasu babi a nan. A watanni uku na ƙarshe jinin jiki ya ƙaru, mahaifa kuma ta danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya daga ƙasan jiki. Jinin sai ya nemi wata hanya, ya bi ta jijiyoyin da ke kewaye da ƙashin baya, waɗanda Oscar Batson ya nuna a 1940 cewa ba su da 'yan murafan da ke hana jini komawa baya. Hemanjiyomar da ta yi shekaru tana barci sai ta cika ta kumbura. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, amma idan ya faru, a gida za a ce nauyin ciki ne, ko a ce iska ce, a yi ta shafe-shafe har ƙafafu su tafi. Mai cikin da ƙafafunta ke raunana a hankali tana buƙatar MRI ba tare da jinkiri ba, kuma ana iya yi mata shi ba tare da allurar gadoliniyom ba. Idan likitan hoto ya ga laka a danne, ba ya jiran a buga takarda a sa a ambulan. Waya yake ɗauka ya kira likitan da ya turo ta, domin lakar da ta daɗe a danne ba lalle ta farfaɗo ba ko da an ɗauke abin da ya danne ta.

Rubuta sakamakon shi kansa fanni ne, kuma a ganina a nan ake gane wanda ya san cewa mutum ne zai karanta, ba fayil ba. Majinyata yanzu suna buɗe ambulan tun a bakin ƙofa, su kwafi abin da suka gani su zuba a waya, intanet kuma ta jero musu shanyewar ƙafa da tiyata. Likitan da ya rubuta sunan abin kawai ya yi shiru ya bar iyali cikin zullumi. Wanda ya ƙara layi guda, cewa wannan irin ta yau da kullum ce, ba ta da haɗari, ba ta buƙatar magani ko sake hoto, ya yi sadaka mai girma. Akwai kuma ɗaya gefen: a faɗa ƙarara cewa ba ita ke kawo ciwon ba. Galibin ciwon baya daga tsoka yake, ko faifan guringuntsi, ko gugar mahaɗai saboda shekaru. Idan aka ɗora laifin a kan farin tabon da aka tsinta, an bar ainihin ciwon ba magani, an kuma buɗe ƙofar yawon asibitoci. A wurin da mafi yawan mutane daga aljihunsu suke biya, inda hoto guda na iya cinye albashin wata na ƙaramin ma'aikaci, kalmar "a sake dubawa" da aka rubuta don kare kai kawai tana iya sa a sayar da akuya ko a jinginar da gona. Tsoron kuskure abu ne mai kyau ga likita, amma bai halatta a mayar da kuɗin wannan tsoro kan talaka ba alhali hoton ya fito ƙarara.

Hanyar shiga sana'ar doguwa ce. A Najeriya likitan hoto sai ya yi shekara shida a makarantar likita, shekara guda ta sanin makamar aiki, ya yi hidimar ƙasa, sannan ya shiga horon ƙwarewa na wasu shekaru huɗu zuwa shida a asibitin koyarwa irin na Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, yana rubuta jarrabawar Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa ko ta Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma. Radiyogirafa yana yin digirin shekara biyar, a jami'o'i irin su Bayero, da Usmanu Ɗanfodiyo, da ta Maiduguri, ya yi shekarar horo, ya yi rajista da hukumar da aka kafa musu a 1987. A wannan shekara ce kuma aka girka na'urar CT ta farko a ƙasar, a asibitin koyarwa na Ibadan. Amma takarda ba ta ba da ido. Ido a gefen babba ake samunsa, ɗalibi ya faɗi abin da ya gani, malami ya ce "sake dubawa, ka tsallake gaɓa guda", yau da gobe har tsarin duba hoto daga kusurwa zuwa kusurwa ya zame masa jiki. Babban abin da ake gargaɗin ɗalibi a kai shi ne daina nema da zarar ya ga abu na farko. Farin tabo mai ɗaukar ido na iya janye hankali daga wani baƙin tabo ƙarami gaɓa uku a sama.

Kayan aikin ma suna da nasu hali. Na'urar MRI mai ƙarfin tesla 1.5 tana son wuta ba yankewa da sanyi ba fashi, don haka janareta da dizal suna cikin kuɗin kowane hoto. Wurare da dama ƙananan na'urori suke da su masu ƙarfin 0.2 zuwa 0.35, waɗanda ba sa buƙatar hiliyom, amma hotonsu bai kai kaifi ba, sai mai karatu ya san iyakar abin da zai iya rantsewa a kai. Masu aikin eksire da CT suna rataye da ɗan ma'auni a ƙirji mai lissafa hasken da jikinsu ya sha, suna sa rigar dalma, suna tsayawa bayan gilashi mai kauri. Ƙwararrun kuma sun yi kaɗan, sun taru a manyan birane, wasu sun tafi Saudiyya da Ingila. Shi ya sa yanzu ake tura hotuna ta intanet daga ƙananan garuruwa zuwa ga likitan da ke nesa, abin da yake da amfani matuƙa idan cikakken hoton aka tura daga na'ura. Abin da ba shi da amfani shi ne a ɗaga fim a jikin taga a ɗauke shi da waya a tura ta WhatsApp a ce likita ya faɗi ra'ayinsa. Ɗigogin da ake nema ba sa tsira a irin wannan hoto.

Wani reshe na sana'ar ya wuce karatu ya shiga magani, kuma hemanjiyoma ce ta buɗe masa ɗaya daga cikin manyan ƙofofinsa. A 1984, a asibitin jami'a na Amiens a arewacin Faransa, wata mata ta zo da ciwon wuya mai tsanani saboda hemanjiyoma mai fitina a gaɓa ta biyu. Likitan tiyatar ƙwaƙwalwa Pierre Galibert da likitan hoto Hervé Deramond suka zura allura cikin gaɓar suna kallo ta na'urar eksire, suka ɗura simintin ƙashi, irin wanda ake manna ƙugun roba da shi. Simintin ya daskare, ya ƙarfafa gaɓar, ciwon ya tafi. Sun wallafa aikin a 1987, kuma daga nan aka faɗaɗa dabarar zuwa gaɓoɓin da suka karye saboda tsufa ko sankara. A 1994 wasu likitoci a Amurka, Heiss da Doppman da Oldfield, suka nuna cewa ɗura tsantsar sinadarin etanol cikin curin na ƙona jijiyoyin ya saki lakar da ya danne. Akwai kuma toshe jijiyar da ke ciyar da shi ta hanyar zura siririn bututu daga cinya, abin da akan yi kafin tiyata saboda irin wannan gaɓa na zubar da jini sosai idan aka yanka ta. Wanda ke yin toshewar dole ya fara tabbatar da cewa jijiyar da ke ciyar da lakar kanta ba daga wuri guda ta taso ba, in ba haka ba ya shanye ƙafafun da ya zo ceto. Gashi da haske ma yana aiki ga mai ciwo wanda lakarsa ba ta shiga haɗari ba, sai dai yana ɗaukar lokaci kafin a ga amfaninsa. Zaɓi tsakanin waɗannan hanyoyi ba na mutum ɗaya ba ne. Likitan tiyata, da likitan gashi, da likitan hoto kan zauna gaban allo guda, kuma abin da hoton ya nuna ne ke jagora: yawan abin da ya shiga ramin laka, ƙarfin da ya rage wa bangon gaɓar, da saurin da ƙafafun majinyacin ke raunana.